Na Bi Mijina Inda Ba Ni Da Kowa

 Na san irin hirar da akan yi a ɗakin kwana bayan an kashe fitila, domin ni ma na yi ta. Wannan ta ce ita sai matuƙin jirgi, waccan ta ce ita dai Allah ya ba ta wanda zai ɗauke ta ya kai ta ƙasar waje, ta dawo da akwatuna niƙi-niƙi tana magana ta hanci. To ni dai an kai ni ƙasar wajen, a jirgin sama kuwa, amma ba irin wadda ake kwatanta muku a littattafan soyayya ba. Shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin yadda zaman yake bayan an sauka daga jirgin an kwance kaya.

Ni Bahaushiya ce gaba da baya, daga wajen Malumfashi, kuma Kirista ce, iyayena ma haka. Na san yawancin masu karatun nan Musulmi ne, to ku kwantar da hankalinku, ba wa'azi na zo yi ba, zancen zaman aure ne a baƙon wuri, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Maigidana mai bishara ne, wato abin da kuka fi sani da ɗan mishan. Mutane da dama in sun ji an ce mishan sai su hango Bature da malafa da gajeren wando, alhali an daɗe da wuce nan. Tun a 1948 aka kafa ƙungiyar da yau ake kira EMS ta ikkilisiyar ECWA don tura 'yan ƙasa wannan aiki, a 1975 kuma wasu matasa suka kafa CAPRO a Zariya, kuma duka biyun sun tura iyalai ƙasashen waje. Tamu hukumar ƙarama ce, ba sai na faɗi sunanta ba.

Tun yana zuwa zance bai ɓoye mini ba. Ran nan muna zaune a kan dakalin ƙofar gidanmu ya dube ni ya ce, "Ina son ki, amma ki sani ba ni da gida sai inda aka tura ni. Wata rana zan kai ki inda ba ki da kowa sai ni." Na sunkuyar da kai ina wasa da gefen mayafina, a zuciyata ina cewa kai, wannan kalami da daɗi yake. Ke dai bari 'yar uwa, kalmar nan ta "ba ki da kowa sai ni" a bakin saurayi zuma ce, amma ranar da ta tabbata sai kin gane nauyinta. Aka ɗaura aure a 2011, muka sami 'ya mace a 2012, a watan Oktoba na 2014 takarda ta fito, an tura mu Gambiya.

Sai da na nemi taswira kafin na ga inda take. 'Yar siririyar ƙasa ce a can ƙarshen Afirka ta Yamma, kogi ya ratsa tsakiyarta kamar an zura zare a allura, Senegal ta kewaye ta ta ɓangare uku, teku ya tare ɗayan. Faɗin ƙasar duka bai kai rabin jihar Katsina ba. Ingilishi ne harshen gwamnati tunda Ingila ce ta mulke su har zuwa 1965, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Musulmi ne. Kuɗinsu dalasi da butut, agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya. Da Mama ta ji an ce Musulmi ne kuma suna noman gyaɗa da gero sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To ai gida za ki." Ni ma haka na ɗauka.

Daga Legas muka tashi muka sauka a filin jirgin Yundum, muka yi mako biyu a Serekunda, sannan muka hau motar haya da suke kira gele-gele muka nufi cikin ƙasa, wani gari na Mandinko kusa da Soma. A can ba a shiga gari haka kawai a kama haya. Sai an fara kai goro wurin maigari, wanda suke kira alkalo. Da na ji sunan na zaci alƙali ne za a kai mu, gabana ya faɗi, ashe sarautar gari ce. Shi zai dubi baƙo ya haɗa shi da mai masauki, kuma daga ranar duk abin da baƙon ya yi, mai kyau ko mummuna, mai masaukin za a tambaya. Malam (haka nake kiran maigidana) bai rufe musu komai ba, ya ce shi Kirista ne, zai riƙa sujada da 'yan Kiristocin da ke yankin, zai kuma buɗe darasin yamma ga yara. Dattawan suka yi shawara da harshensu, alkalo ya ce ƙasa ba ta ƙin baƙo, ya ba mu ɗaki biyu a cikin gidan ƙaninsa.

Watanni ukun farko ba na son tuna su. An ce baƙo ko da ido makaho ne, ni kuwa har da kurma da bebiya na zama. Malam yana da abin yi, da safe ya ɗauki littafinsa ya tafi wurin malamin da ke koya masa Mandinkanci, da yamma ga yara, kuma maza da yawa suna jin Ingilishi. Matan gidan kuwa ko kalma ɗaya ba mu haɗa ba. Da asuba su ɗaura zane su tafi fadamar shinkafa, domin a can noman shinkafa na mata ne, gyaɗa ta maza, ba za su dawo ba sai rana ta yi sanyi. Gida ya yi tsit, daga ni sai 'yata sai kaji. In na fito tsakar gida da yamma su yi ta jero mini gaisuwa, ni kuwa sai murmushi kamar wata sokuwa, in na juya in ji an kwashe da dariya. Wataƙila ma ba da ni ake ba, amma wanda ba ya jin harshe duk dariyar duniya da shi ake. Na rame, na yi baƙi, dare ya yi in juya wa Malam baya in yi ta hawaye a hankali don kada ya ji.

Ga kuma abinci. Shinkafa da rana, shinkafa da dare, gobe ma ita. Akwai domoda, miyar gyaɗa ce mai kauri, akwai benacin wato dafa-duka, akwai supakanja ta kuɓewa da manja da kifi. Duk suna da daɗi, yau ma in na samu ba na bari, amma a lokacin tuwo kawai raina yake so. A babban kwano ɗaya ake ci, kowa da gabansa, uwar gida tana gutsuro kifi tana tura wa kowa, yaro kuma ya dafe bakin kwanon ya sunkuyar da kai. Ranar da na gano suna da garin kuka da daddawa a kasuwa na yi murna kamar an ba ni kujerar Makka, in ji ƙawayena Musulmi. Na dafa shinkafa ta yi luguf na hau tuƙawa, matan gida suka kewaye ni suna riƙe baki, wai me shinkafar nan ta yi mini da nake mata wannan horo.

Kirsimetin farko mu goma sha ɗaya muka yi sujada a ƙarƙashin rumfa, yawanci 'yan ƙabilar Manjako da malaman makaranta biyu da aka turo aiki. Na tuna gida, zumuntar mata da anko da ganguna, ana ta kai tuwo da nama gida-gida. Muna dawowa na shige ɗaki na fashe da kuka mai ƙarfi, wannan karon ban ɓoye ba. Malam ya daɗe tsaye a kaina, can ya ce, "Amarya, me zan yi miki?" Har gobe Amarya yake ce mini. Na ce, "Malam, ba ka yi mini laifi ba. Hausa kawai nake so in ji a bakin wani ba kai ba."

Bai ce komai ba. Bayan sati biyu ya ce in shirya za mu yi tafiya. Muka je bakin kogi a Yelitenda muka hau jirgin fito, a wancan lokacin ba gada, manyan motoci kan kwana da kwanaki a layi suna jiran tsallakawa, sai a 2019 aka buɗe gadar Senegambiya. Muka wuce Farafenni muka shiga Senegal har birnin Kaulaha. Na san da yawanku kun san sunan, garin Shehu Ibrahim Inyass ne, inda mutanen Kano da sauran garuruwanmu ke zuwa ziyara da karatu. Muna shiga unguwar Madina Baye sai na ji wata murya a bayana tana cewa, "Ke yarinya kawo canjin mana!" Na tsaya cak, ƙafata ta kasa ɗaukata. Wata Hajiya ce mai sayar da turare da atamfa. Na gaishe ta, ta dube ni ta ce, "Ikon Allah, 'yar ina ce?" Muka zauna muka yi ta zuba har la'asar. Na gaya mata aikin mijina, ta ce, "To, kowa da inda Allah ya ajiye shi," ta ƙulla mini yaji da kanwa da busasshiyar kuɓewa ta ƙi karɓar ko sisi. Da za mu rabu ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, shekarata tara a nan. In kina jira su koyi Hausa ne, za ki mutu da baki a rufe. Ki bi matan nan duk inda suka sa ƙafa." Ni a wurina wannan tafiya ta fi duk wata wasiƙar soyayya da Malam ya taɓa rubuta mini.

Muna komawa na goya 'yata na bi su lambu. Uwar gidan, wata dattijuwa mai faɗa da dariya a lokaci guda, ita ta zama uwar ɗakina. Ba ta da allo ba ta da littafi, sai ta ɗaga abu ta faɗi sunansa, in na maimaita ba daidai ba ta ja kunnena kamar 'yar shekara biyar. Jiyo, ruwa. Tiyo, gyaɗa. Musoo, mace. In an ce "Kaira be?" wato ana lafiya, sai ki ce "Kaira dorong," lafiya lau. In an ce "Suu moolu lee?" ana tambayar mutanen gida ne, sai ki ce "I be jee." Sannu a hankali na fara tsintar 'yan uwan Hausa a ciki, na gode shi ne abaraka, ga albarka ke nan, ranar Talata Talata ce, Laraba kuma Araba. A'a kuwa hani suke cewa, kin ga ai ba ta yi nisa ba. Ta ba ni sunan babbar 'yarta da sunan zuriyarsu, domin a can ba a barin baƙo da sunan da ya zo da shi, kuma daga ranar na sami dangi da abokan wasa, tunda su ma suna da irin wasan nan na Kanawa da Zage-zagi, kamar tsakanin Jola da Serer.

Abin mamaki, kafin shekara ta zagayo na wuce Malam nesa ba kusa ba. Shi yana da nahawu da ƙamus, yana karanta Littafi Mai Tsarki na Mandinkanci wanda bai daɗe da fitowa cikakke ba, a 2013, alhali namu na Hausa tun 1932 yake. Amma in ya buɗe baki sai tsofaffi su ce yana magana kamar rediyo. Ni kuwa nawa na bakin rijiya ne da wurin daka, da habaici da ba'a da komai. Har ta kai in wata magana ta taso tsakaninsa da dattawa sai ya dawo gida ya ce, "Amarya, da alkalo ya ce kaza, me yake nufi?" Ni kuma in ja aji kaɗan kafin in fassara.

Wata malamar makaranta daga Banjul ta koya mini wata al'ada da ta ƙara buɗe mini ƙofofi. Ranar Juma'ar da ke gaban Ista, Kiristocin Gambiya kan dama wani abu mai suna nanburu, da garin shinkafa da garin 'ya'yan kuka da sukari, su rarraba wa maƙwabtansu Musulmi. Su kuma in Babbar Salla ta zo, wadda suke kira Tobaski, sai nama ya yi ta shigowa. Na dama bokiti biyu na bi gida-gida. Da Tobaski ta zo kuwa sai da na rasa inda zan shanya nama, na yi kilishi na yi dambu, suka ce ashe 'yar Nijeriya ta iya wani abu ban da azabtar da shinkafa.

A damunar 2015 na haifi ɗa namiji. Haihuwar fari a gida na yi ta, Mama na kaina, ga wankan jego ga kunun kanwa ga gasasshen nama. Wannan karon ina kwance ina tunanin wa zai ko dafa mini ruwa. Ashe uwar ɗakina ta riga ta raba aiki. Ita ke gasa mini jiki safe da yamma, kishiyarta ta ɗauke 'yata, 'yan mata suka karɓe wanki da ɗiban ruwa, kanwar Hajiyar Kaulaha kuma ta yi ranarta. Da kwanan suna ya zo muka ce mu addu'a kawai za mu yi irin tamu, fasto zai zo daga Kombo. Ta ce addu'a tamu ce, ba ta hana ba, amma jikanta ba zai shigo duniya shiru kamar ɗan kaza ba. Suka kwana suna dakan munko, wato garin shinkafa da sukari da ake rabawa da goro ranar suna, gari ya cika gidan. Fasto ya yi addu'arsa, limamin gari ya zo daga baya ya yi wa Malam barka.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya zama zuma. Lokacin da ni na fara warwarewa, lokacin ne Malam ya fara shiga damuwa. Mutanen garin suna son mu, suna turo yaransu darasi, amma addininsu suna riƙe da shi gam, kuma sun faɗa mana haka ba da faɗa ba. Uwar ɗakina ta taɓa ce mini ita kullum tana roƙon Allah ya sa in yi salla kafin ta mutu, na ce ni ma ina yi mata addu'a, muka yi dariya muka ci gaba da tsinke zogale. Amma Malam duk wata uku sai ya rubuta rahoto gida, kuma masu ba da baiko suna son jin adadi. 'Yan sujada ba su taɓa wuce ashirin ba. Sai ya zauna da biro a hannu har fitila ta mutu, ya daina cin abinci sosai, abu kaɗan ya yi tsawa. Namiji in aikinsa bai tafi yadda ya so ba, matarsa ce ke fara sani, tun kafin shi kansa ya yarda. Wani dare na ƙwace biron na ce, "Malam, rubuta musu cewa yara talatin da ba su iya karatu ba yanzu sun iya. In wannan bai ishe su ba, su zo su gwada." Ya dube ni ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba.

Sai ga 2016, Naira ta faɗi. Dala da ake saya Naira 197 a farkon shekarar ta haura 300, a kasuwar bayan fage kuwa ta doshi 500. Ikkilisiyoyin gida ba su rage abin da suke aikowa ba, amma in an canja shi zuwa dalasi sai ya zama rabi. Wasu iyalai da muka sani a wasu wurare sun tattara sun koma. Na duba na ga gari cike da gyaɗa amma ba wanda ya san ƙuli-ƙuli, sai na sayi buhu guda na soya na kai inji, na matse mai, na murza ƙuli na zuba yaji. Ranar lumo, wato kasuwar mako, kafin azahar ba ko ɗaya. Da kuɗin man gyaɗa da ƙuli muka ci abinci shekara guda cur, da shi muka sayi maganin zazzaɓi da damuna. Ƙannena, duk wadda uwarta ke kiran ta wurin suya ko saƙa ko ɗinki tana noƙewa wai ita 'yar boko ce, ta je. Takardar N.C.E. ɗina tana cikin akwati a lokacin, ba ta saya mana ko gishiri ba.

Babban tashin hankali kuwa siyasa ce ta kawo shi. A watan Disamba na 2015 shugaban ƙasar na lokacin, Yahya Jammeh, ya ayyana Gambiya a matsayin jamhuriyar Musulunci. Kiristoci suka tsorata, mu baƙi muka fi kowa, ko da yake a garinmu ba wanda ya canja mana fuska. Ranar 1 ga Disamba 2016 aka yi zaɓe, irin nasu na ban sha'awa da ake jefa ɗan dutsen gilashi a cikin ganga maimakon takarda. Aka toshe intanet da kiran waya na ƙasashen waje, Mama ta kwana biyu tana nema na ba ta samu ba. Adama Barrow ya ci, Jammeh ya amince, bayan mako guda ya ce bai yarda ba. Shugaba Buhari da wasu shugabannin ECOWAS suka je Banjul har sau biyu ba a daidaita ba, aka fara haɗa sojoji a kan iyaka, har da na Nijeriya. Mutane wajen 45,000 suka tsallaka Senegal, motoci suka yi ta wucewa ta Soma da katifu a sama.

Ku duba halin da muke ciki, mu 'yan Nijeriya, ga sojan ƙasarmu ana cewa za su shigo da yaƙi. Malam ya ce in ɗauki yara in tsallaka iyaka, shi zai zauna da 'yan ikkilisiya. Na ce, "Malam, a dakalin gidanmu cewa ka yi za ka kai ni inda ba ni da kowa sai kai. Yanzu kuma so kake ka tura ni inda ko kai ɗin babu?" Muka yi ta ja har murya ta tashi, abin da ba mu taɓa yi ba. Uwar ɗakina ta jiyo mu ta bango, ba sallama ta ɗaga labule ta shigo, ta sunkuci jaririn ta kama hannun 'yata ta ce yaran nan a ɗakinta za su kwana, duk mai neman su sai ya fara bi ta kanta. Da safe alkalo ya aiko a gaya wa Malam cewa baƙon da aka karɓi goronsa ɗan gari ne. Muka zauna. Ranar 19 ga Janairu 2017 aka rantsar da Barrow a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar, ranar 21 Jammeh ya hau jirgi ya bar ƙasar, ba a yi yaƙin ba. Daren nan ba wanda ya runtsa, mata suka fito da ƙwarya da turmi aka yi ta kiɗa, ni ma na ɗaura ɗankwali a ƙugu.

Akwai abu guda da ba wanda ya gaya mini tun farko, kuma shi ya fi ci mini rai. A 2018 muka zo hutu gida karo na farko, bayan shekara huɗu. Mama ta fito da gudu ta rungume 'yata tana cewa, "Ga kishiyata, ga kishiyata! Ke kin zo ƙwace mini miji ko?" Yarinya ta yi tsuru tana kallon ta, ta juyo ta tambaye ni da Mandinkanci wai me tsohuwar nan take faɗa. Tana jin Hausa kaɗan-kaɗan, ta aike da ta tsawa, amma wasa da kaka ya fi ƙarfinta. Yini take a ɗakin uwar ɗakina da sauran yara, makaranta kuma Ingilishi, mu kanmu a gida harshen garin ya fi saurin zuwa bakinmu. Aka kawo tuwon dawa ta ce ita shinkafa. Aka ce ta gaida Mama, ta rikice, domin a can kalmar mama ta kaka ce, mamamusoo, ga shi kuma ta ji ni da nake babba ina kiran tsohuwar Mama. Mama ba ta ce komai ba sai da dare, muna zaune mu biyu, ta ce, "Kun tafi da jikata kun dawo mini da baƙuwa." Na rasa amsar da zan ba ta.

Wata biyun nan Mama ta ɗauke ta ta koma da ita ɗakinta, kullum dare tatsuniya, Gizo da Ƙoƙi, Ta-kitse, har yarinya ta fara cewa "ƙurunƙus" da kanta. Da muka koma Gambiya Malam ya kafa doka, daga an rufe ƙofar ɗaki ba wani harshe sai Hausa, duk Lahadi da yamma kuma a kira Mama a waya su yi faɗan kishi. Ya yi amfani, amma ba duka ba. Ɗan'uwanta da aka haifa a can ma ba a magana, shi har yau in ya yi mafarki da Mandinkanci yake sambatu.

A 2021 aka dawo da mu Nijeriya. Ranar tafiya uwar ɗakina ta miƙo mini hannun hagu, haka suke sallama da mai tafiya mai nisa, wai don ya dawo a gyara da na dama. Ta ƙi rako mu bakin mota. 'Yata yanzu tana sakandare, Hausarta ta zauna, ƙawayenta ma ba sa gane komai sai in ta yi fushi harshe ya juye. Tana da wani gwangwani da take tara kuɗin kitso a ciki. Kwanan baya ina shara na tambaye ta na mene ne, ta ce na jirgi ne, wai in ta gama jarrabawa za ta je gida ta ga kakarta.